DARASIN KASUWANCI: Dillanci Da La'ada A Sana'ar Ɗaukar Sauti Ta Cikin Gida

A unguwar Damilu da ke Jimeta, kamar a sauran unguwannin babban birnin Jihar Adamawa, saurayin da ya mallaki kwamfuta da makirufo da fiyano, ya kuma sami ɗaki guda a gidansu ya manne bangonsa da soso, ya kan ɗauka ya riga ya kafa masana'anta. Alhali kuwa kayan aiki kawai ya tara. Situdiyo ba ya zama kasuwanci sai ranar da baƙon da bai san mai shi ba ya yi sallama a ƙofar gida riƙe da kuɗinsa, kuma a nan ne yawancin masu wannan sana'a ke cijewa, har watanni su shuɗe kaya na shan ƙura, bashin da aka ci aka saye su kuwa yana nan yana jira.

Zaman situdiyo a cikin gida ba nakasu ba ne a kan kansa. A shekarar 1959 Berry Gordy ya kafa kamfanin da aka sani da Motown a birnin Detroit na Amurka da rancen dala 800 daga danginsa, a cikin wani gida da shi kansa yake kwana a samansa. Matsalar ta wani wuri ce dabam. Mai shago a babbar kasuwar Jimeta yana da masu wucewa, idonsu kan faɗa kan hajarsa ko ba su yi niyya ba. Situdiyon cikin gida ba shi da masu wucewa. Yana cikin lungu, bayan zaure, a gidan matan aure inda al'ada ta hana baƙo kutsawa. Amarya ko ƙawarta ba za ta shiga ɗakin wanda ba ta sani ba don ta ga allo a jikin bango, haka nan shugabar Zumuntar Mata ba za ta kwashi mawaƙanta ta kai su gidan da babu wanda ya shaida mata halin mai shi ba. Saboda haka kusan duk cinikin da zai shigo irin wannan wuri, wani ne zai jawo shi da hannu. Tambayar da ke gaban ɗan kasuwa ita ce ko zai bar wannan ga sa'a, ko kuwa zai tsara shi kamar yadda yake tsara sayen fetur.

Tsohon tsari ne

Bahaushen ɗan kasuwa ba ya bukatar a koya masa wannan daga waje. Masanin nan Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda fataucin shanu da goro ya dogara ga maigida da dillalansa: falke ya sauka a gidan maigida, dillali ya nemo masa mai saye, maigida kuma ya tsaya a matsayin lamuni idan an ba da dabba bashi. Wanda ya leƙa kasuwar shanu ta Mubi ko ta Ngurore zai ga dillali yana nan da ƙarfinsa. Aikinsa uku ne. Yana haɗa mutum biyu da ba su san juna ba, yana ara wa kowannensu amincin da ɗayan ke da shi a gare shi, sa'an nan yana zama shaida idan gardama ta taso. La'adar da yake karɓa kuɗin waɗannan abubuwa ne, ba kuɗin nuna hanya kurum ba. Malaman fikihu ma sun san wannan aiki da sunan samsara, sun kuma yarda da ladansa matuƙar an san shi, an yi yarjejeniya a kai, babu algus.

Sana'ar kiɗan zamani ta Arewa ita ma ta wannan hanya ta girma. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, masu shirya fina-finai suka fara neman waƙa a cikin labarinsu, kuma situdiyo irin na Iyan-Tama, masu aiki da fiyanon Yamaha, suka sami ciniki domin furodusoshi ne ke kawo musu mawaƙa, wani ya ji aikin da aka yi wa wani ya biyo sawu. Waƙoƙin fim ɗin Sangaya a ƙarshen shekarun 1990 sun ƙara buɗe wannan kasuwa ƙwarai. Furodusa shi ne dillalin situdiyon Kano, ko da yake ba a kiransa da wannan suna.

Yola ba Kano ba ce, kuma kuskure ne mai situdiyo a Damilu ya zauna jiran furodusan fim. Kasuwarsa a warwatse take, amma tana da faɗi. Akwai waƙar aure mai ambaton ango da amarya da danginsu. Akwai ƙungiyoyin mawaƙa na majami'u, ganin cewa hedkwatar majami'ar LCCN tana Numan, ta EYN tana Kwarhi, ga kuma darikar Katolika da babban cocinta na St. Theresa a Jimeta. Akwai makarantun Islamiyya da ke son a naɗi ƙasidun ɗalibai lokacin walimar sauka, da masu bege. Akwai tallan rediyo, da waƙoƙin siyasa, da saƙonnin faɗakarwa na ƙungiyoyin agaji, waɗanda suka yawaita a jihar tun bayan da rikicin Boko Haram ya koro jama'ar Mubi da kewaye zuwa Yola a 2014. Bugu da ƙari, jihar tana da harsuna masu yawa, watau Fulatanci da Hausa da Bachama da Kilba da Margi da Higgi da Chamba da sauransu, kuma saƙo guda ya kan bukaci a naɗe shi cikin uku ko huɗu daga cikinsu. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kasuwanni tana da nata mai riƙe da ƙofa.

Wa ke fara ganin mai ciniki?

Ƙa'idar zaɓen abokin hulɗa guda ɗaya ce: a nemi wanda ke haɗuwa da mai ciniki tun kafin shi mai cinikin ya tuna yana bukatar situdiyo. A sha'anin aure, waƙa tana daga cikin abubuwan ƙarshe da ake tunawa. Kafin a zo kanta an riga an je wurin tela, an yi magana da mai hayar kujeru da rumfa, an kama mai hoto da mai bidiyo, an tsai da mai lalle da sanƙira ko mai gabatar da taro. Duk waɗannan sun san ranar biki makonni kafin mai situdiyo ya ji labari, sun kuma san ƙarfin aljihun gidan.

A cikinsu mai bidiyo ne ya fi cancanta a fara da shi, domin bukatarsa da ta mai situdiyo a sarƙe suke. Faifan biki ba ya armashi sai da waƙar da ta ambaci sunan amarya, kuma sautin da kyamara ta ɗauko a filin taro sau da yawa ya kan bukaci tacewa. Shi kuma mawaƙin da ya gama naɗar waƙa, abin da zai tambaya na gaba shi ne wanda zai yi masa hotonta. Ciniki ke nan mai tafiya ta hanya biyu, wanda zai iya ɗorewa ko da kuɗi ba su shiga tsakani ba. Mai lalle da mai kwalliya kuwa suna da abin da namiji ba shi da shi, watau suna zama cikin ɗaki da amarya da ƙawayenta na sa'o'i, a daidai lokacin da ake yanke shawara. Mai situdiyon da ya raina su ya bar kuɗi a ƙasa.

A majami'a da makarantar Islamiyya al'amarin ya sha bamban, kuma yana son taka-tsantsan. Shugaban mawaƙa ko shugaban makaranta amana aka danƙa masa, kuɗin da zai biya na jama'a ne da aka tara da karo-karo. Ba shi la'ada a ɓoye cin amanar waɗanda suka tara kuɗin ne, kuma ranar da maganar ta fito, ba shi kaɗai zai ji kunya ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a mai da la'adar ta zama rangwame ga ƙungiyar baki ɗaya, a rubuta shi a rasit kowa ya gani. Ƙungiya ɗaya da ta gamsu tana da 'yan'uwa a gunduma guda, kuma su kan haɗu a taron shekara inda kowa ke jin aikin kowa.

Gidajen rediyo irin su ABC Yola da Fombina FM da Rediyo Gotel suna da nasu ɗakunan ɗaukar sauti, don haka a wani fannin abokan gasa ne. Amma masu neman talla da ke yawo shago-shago, da masu shirye-shiryen da suka sayi fili, su kan bukaci wurin da za a yi musu waƙar talla cikin sauri da sauƙin kuɗi. Hulɗa da su halal ce. Abin da ya kamata a guje shi ne biyan ma'aikacin rediyo a asirce don ya riƙa sa waƙoƙin da suka fito daga situdiyon. An yi irin wannan a Amurka har ya zama abin kunya na ƙasa a 1959, ya lalata sana'ar fitaccen mai gabatarwa Alan Freed, majalisar dokokin ƙasar kuma ta gyara doka a 1960 ta wajabta bayyana duk kuɗin da aka karɓa. Tashar da ta gano haka ma'aikacinta za ta hukunta, ta kuma rufe ƙofarta ga situdiyon.

Lissafin la'ada

A nan ne aka fi yin asara, domin da yawa su kan amsa "kashi goma cikin ɗari" ba tare da sun ɗauki alƙalami ba. A ƙaddara, alal misali, ana yin waƙar aure a kan Naira 40,000. Mawaƙi ya karɓi 12,000, 'yar amshi 5,000, fetur da kuɗin wuta suka ci 6,000, aka ware 3,000 domin gyaran kaya. An kashe 26,000 ke nan, saura 14,000. La'adar kashi goma a kan jimlar kuɗin ita ce 4,000, wadda a baki ƙarama ce, amma ta haura rubu'in abin da ya rage wa mai situdiyo. Idan kuma aka yi rashin sa'a mutum biyu suka yi iƙirarin su suka kawo cinikin, mai lalle ta ce ita ta fara faɗa, mai bidiyo ya ce shi ya rako su, aka biya kowa don a zauna lafiya, to 6,000 kacal zai tsira da ita bayan ya kwana yana tace murya. Waɗannan alkaluma misali ne kawai, kowa ya sa nasa, amma siffar lissafin ba ta canzawa. La'ada daga riba take fita, ko da a kan jimla aka ƙiyasta ta.

Maganin gardamar "ni na kawo" shi ne a tambayi mai ciniki tun ranar farko wanda ya turo shi, a rubuta amsarsa a gabansa. Abin da ya faɗa shi ne hukunci, kuma a sanar da duk abokan hulɗa wannan ƙa'ida tun kafin a fara.

Lokacin biya ma abin dubawa ne. Al'adar sana'ar ita ce mai ciniki ya ba da kafin alƙalami, ya cika sauran idan ya zo karɓar aiki. Dillali zai so a sallame shi daga kuɗin farko. Wanda ya yarda da haka ya ɗauki dukkan haɗarin a kansa, domin idan aka fasa auren ko mai ciniki ya ɓace da ciko, la'ada ta riga ta tafi, fetur ya riga ya ƙone. Daidai shi ne a biya ta ranar da ciko ya shigo, amma fa a ranar, ba washegari ba. Yanzu da tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare babu uzurin jinkiri, kuma babu abin da ke kashe zuciyar dillali kamar ya riƙa bin haƙƙinsa kamar mai roƙo. Wanda aka sa ya yi sintiri sau uku a kan Naira 4,000, ciniki na gaba wani situdiyon zai kai shi, ba kuwa zai yi sallama ba.

Sai kuma a yanke tun farko ko la'adar ta aikin farko ce kaɗai, ko ta duk aikin da wannan mutum zai kawo nan gaba. Mawaƙin da aka gabatar yau yana iya zama mai zuwa kowane wata har shekara biyar. Mafi adalci shi ne a iyakance ta ga aikin farko, ko ga wani wa'adi sananne kamar wata shida, domin dawowar mai ciniki karo na biyu kyawun aiki ne ya jawo ta.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi duk waɗannan illa, ita ce ɗora kuɗi a ɓoye. Dillali ya ce wa gidan biki waƙa 60,000 ce, ya miƙa wa situdiyo 40,000, ya soke sauran, wani lokaci har ya dawo neman la'ada a kan abin da ya miƙa. Mai situdiyo ya kan kau da kai tun da kuɗinsa sun cika. Amma gidan bikin aikin 60,000 suke sa rai, na 40,000 za su samu, kuma sunan da zai yi tsada a gari nasa ne. Rubutaccen farashi a jikin bango, da rasit mai sunan situdiyo da ake miƙa wa mai biya hannu da hannu, su ne ke toshe wannan kafa.

Hatsarin dogara ga mutum guda

Dillali nagari ya kan sa mai sana'a ya yi barci. A garin Muscle Shoals na Jihar Alabama, situdiyon FAME na Rick Hall ya yi suna a duniya sa'ad da Jerry Wexler na kamfanin Atlantic ya fara kawo masa manyan mawaƙa, Wilson Pickett a 1966, sai Aretha Franklin a farkon 1967. A zuwan Aretha rigima ta ɓarke tsakanin Hall da mijinta, aka watse bayan kwana guda, Wexler ya kwashe aikin ya kai New York. Zuwa 1969 makaɗan da FAME ke taƙama da su sun tashi sun buɗe nasu situdiyon a yankin, da goyon bayan Wexler ɗin nan. Hall ya farfaɗo daga baya domin ya nemo wasu kamfanoni, amma wanda ya kawo ciniki ya nuna yana iya ɗauke shi, har ya haɗa da ma'aikata.

Kwatankwacin wannan a Jimeta shi ne situdiyon da rabin cinikinsa ke fitowa daga mai bidiyo ɗaya, ko daga yaron wani ɗan siyasa. Mai bidiyon na iya sayen nasa makirufon gobe, tun da kayan sun yi sauƙin samu. Aikin siyasa kuwa na damina ne, ya kan zo da yawa gab da zaɓe ya ɗauke bayansa, kuma wanda ya faɗi zaɓe ba kasafai ya kan tuna da cikon kuɗin waƙa ba. A irin wannan aiki a karɓi kuɗi duka kafin a miƙa sauti. Ya kamata kuma a tuna cewa situdiyon da aka san shi da jam'iyya ɗaya yana iya rasa masu aure da masu ibada daga ɗaya ɓangaren.

Littafin ajiya na Naira kaɗan ya isa ya nuna wannan hatsari kafin ya auku. A rubuta kwanan wata, da irin aikin, da wanda ya turo, da kuɗin da aka biya, da la'adar da ta fita. Bayan wata shida mai situdiyo zai ga abin da ƙwaƙwalwa ke ɓoyewa: wanda ya fi kowa zuwa shan shayi da alkawari mai yiwuwa bai kawo kowa ba, wata mai lalle da ba ta taɓa taka ƙofar ba ta turo mutum bakwai. Zai kuma ga wanda ke turo masu wahalar biya.

Wanda ya turo mutum, fuskarsa ya jinginar. Ranar aure ba ta matsawa, kuma waƙar da aka gama ranar Lahadi ba ta da amfani ga bikin Asabar. A Yola babban abin da ke karya alkawari shi ne wuta. A watan Afrilu na 2024, sa'ad da aka lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, Yola da Jalingo da Gombe sun daɗe cikin duhu, a daidai tsakiyar bazara lokacin da zafin garin ke haura digiri 40, ɗakin da aka toshe da soso kuwa ba ya zaunuwa babu na'urar sanyaya iska. Janareta ya ƙara tsada tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙararsa kuma tana shiga makirufo. Saboda haka kafin a ƙara yawan dillalai, a fara tabbatar da batir da sola da za su riƙe kwamfuta. Har ila yau yana da kyau a ƙulla yarjejeniya da wani situdiyon, ko da abokin gasa ne, cewa duk wanda aiki ya yi wa yawa ko wuta ta yanke masa zai tura wa ɗan'uwansa a kan la'ada sananniya. Ƙin karɓar aikin da ba za a iya gamawa ba ya fi karɓarsa a kunyata wanda ya kawo shi.

Manyan masu ciniki, watau ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu da jami'o'i irin su Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, ba su cika biyan kuɗi cikin asusun mutum ba. Duk kyawun shaidar da wani ma'aikacinsu zai bayar, sai an ga rajistar sunan kasuwanci ta hukumar CAC da asusun banki mai wannan suna. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta tanadi cewa sallama haƙƙin aiki ga wani ba ya tabbata sai a rubuce, don haka takarda guda mai bayyana wanda ya mallaki waƙa da wanda ya mallaki kiɗa tana kare mai situdiyo, tana kuma kare dillalin da za a kira shaida. Tallan da za a watsa kuwa yana ƙarƙashin hukumar ARCON, wadda dokarta ta 2022 ta bukaci a tantance talla kafin a sake shi, kuma ya kamata a fayyace a rubuce wanda wannan nauyi ke kansa.

Akwai kasuwa ta ƙarshe da ta dace da Yola fiye da Kano. Kogin Binuwai da ya ratsa Jimeta ta Garwa ya biyo, kuma Fulatancin da ake ji a Adamawa shi ake ji a arewacin Kamaru har Marwa da Ngaundere. Mawaƙi na iya turo muryarsa ta WhatsApp a ɗora mata kiɗa a Damilu ba tare da ya ƙetare iyaka ba. Sai dai a irin wannan ciniki mai situdiyo ba ya ganin mai biya, kuɗin kuma sefa ne, canjinsa yana motsi tsakanin ranar ciniki da ranar biya. Wakili amintacce a can, wanda zai karɓi kuɗi ya kuma tsaya lamuni, shi ne maigidan da fataken shanu suka sani, kuma la'adarsa ta cancanci ta ɗara ta mai nuna hanya kawai. A yanke farashi da kuɗin da za a biya da shi tun ranar farko, a aika ɗan guntun waƙar a ji, cikakkiyar kuwa sai bayan wakilin ya tabbatar kuɗi sun shiga hannunsa.